Rigar Maman da Mijina Ya Auna

Shin mijina ya san ba zai kai yamma ba lokacin da ya ce in tafi? Haƙorana sun zube, jikokina sun haihu, amma har yau ban sami amsar wannan ba. Nakan zauna a bakin ƙofa in yi kukana da rana tsaka, kowa yana gani. Masu cewa kukan ya isa haka su yi ta faɗa. Ba su suka rasa shi ba.

'Yata ta fari ce ke rubuta wannan, domin ni ban yi boko ba. Da na ce mata labarin rigar mama zan ba ta, sai ta ajiye biro ta ce, "Mama, mutane fa za su karanta." Na ce su karanta. Ubanta bai ji kunya a tsakiyar kasuwa ba, ni ma ba zan ji a cikin ɗakina ba.

Mu Gbagyi ne, ƙauyenmu yana tsakanin Kwali da Sheda. A shekarun da ake kwaso gwamnati daga Legas ana kawo ta nan, masu awon ƙasa suka shigo mana da igiyar ƙarfe da turaku masu jan kai. Mijina ya yi musu aikin sarar daji na ɗan lokaci, wani lokaci kuma ya riƙe musu bakin igiya. Hanyar da ya taya su aunawa ita ce ta cinye mana rabin gonar doya. Yakan yi dariya ya ce bai taɓa jin wanda ya riƙe igiya da hannunsa aka yanke masa gona ba sai shi. Ni dai ban ga abin dariya ba, domin ragowar gonar ba ta kai mu kaka.

Ba da nisa da mu ba aka gina kwatas, wato gidajen ma'aikatan da aka kawo, aka kewaye da waya, ƙofa ɗaya. Matansu suna son doya amma ba sa son tafiya kasuwa. Daga cikin ƙofar akwai wani mangwaro, a gindinsa aka bar mu 'yan ƙalilan muna kasa kaya. Nakan sari doya a wajen maƙwabta, in haɗa da tamu, in kai. Da gindin mangwaron nan muke ci, ni da shi da 'ya'ya bakwai.

Mu ba ma ɗaukar kaya a ka. Kai shi ke ɗauke da mutum tun da safe har dare, ba a ƙara masa wani nauyi. A kafaɗa muke ɗora ƙwarya, kusa da wuya, mu tallafe ta da hannu ɗaya. Haka na ga uwata tana yi, haka ita ma ta ga tata. Kafaɗata ta dama ta yi kanta tun ina budurwa, har ta ɗan sauka ƙasa da ta hagu. Sutura kuwa, zani ne nake ɗaurewa a ƙirji, in ƙara wani a ƙugu. Babu wanda ya taɓa cewa ban sa kaya ba.

Wata safiya muka tarar da shugabar matan kwatas a tsaye kusa da maigadi. Madam muke ce mata, doguwa ce mai tabarau, Hausarta ta kasuwa irin tawa a wancan lokacin.

Ta ce, "Daga sati mai zuwa, wanda ba ta sa riga da bireziya a ciki ba, ba shiga. Nan ba ƙauye ba ne yanzu, babban birnin ƙasa ne. Mazajenmu suna wucewa nan."

Na ce, "Madam, da waɗannan na shayar da 'ya'ya bakwai, ba wanda ya makance."

Matanmu suka fashe da dariya, maigadi ya juya baya yana tari. Madam ba ta yi dariya ba. Dokar kuwa ta tsaya, har ta ce za ta riƙa sa yatsa a kafaɗar kowace mace ta ji ko akwai hannun rigar a ƙarƙashi.

Na tafi kasuwar Gwagwalada wajen masu gwanjo. Mai kayan ya zuba su tuli a kan buhu, kala-kala, wasu da ƙarfe a ciki, wasu da leshi. Ban taɓa riƙe irin wannan abu a hannuna ba. Ya kalli ƙirjina, ya daɗe yana kallo, kamar mai taya akuya, sannan ya jefo mini wata.

"Sa dunƙulen hannunki a ciki, Mama. In ya cika, taki ce."

Na ce, "Ɗana, abin da za a sa a ciki ya fi hannuna."

"Tana buɗewa, Mama. Roba ce, daga Turai."

Mazan da ke zaune a bencinsa suna ta sunkuyar da kai suna dariya. Na karɓa na tafi. A hanya na rantse cewa babu namijin da zai sake auna ni da ido.

Rigar ba ta buɗe ba. Ta matse ni a gaba har nama yana tsallakowa ta sama, ta bayan kuma tana hawa sama kamar za ta kai ƙeya. Duk nauyina ya koma kan hannuwanta biyu, 'yan sirara kamar tsirkiya. Na daman yana da wani ɗan ƙarfe da ake ƙara tsawo da shi, ƙarfen kuma ya zo ya zauna daidai inda ƙwarya ke zama. Da na ɗora doya sai ya nutse cikin nama. Na cije na shiga ƙofa, Madam ta sa yatsa ta ji, ta ce in wuce. Da farko bororo ya tashi, ya fashe, na ci gaba da zuwa. Daga baya ya zama gyambo yana ruwa, riga tana mannewa a kai. Ran da na kasa ɗaga hannu in ɗebi ruwa a randa, mijina ya zare rigar ya duba, ya ce, "Ke da hanya sai wannan ya warke."

Ina kwance a gida saƙo ya zo daga Madam ta bakin wata maƙwabciyata da muke kasa kaya tare: in wata ya mutu ban koma ba, za a ba wata wurina. Masu jira suna da yawa.

Wan mijina, wanda shi ne babba a gidan, ya zo duba ni. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Matar ƙanena, wannan ai mai sauƙi ne. Ki yi gammo ki ɗora a ka, yadda baƙin nan suke yi. Matanmu nawa suka koma haka? In ba ki iya ba, ki zauna gida."

Na ce, "Yaya, in na zauna gida, kai za ka ciyar da bakwai ɗin?"

Ya juya zai tafi.

Na ce, "Gona sun ɗauka, ban ce komai ba. Kaina ba za su ɗauka ba. Zan shiga ƙofar nan da rigarsu a jikina, da kayana a kafaɗa."

Ya ce wa ƙanensa ya ji bakin matarsa, ya tafi. Bayan la'asar mijina ya shigo da igiyar rama a hannu, ya kori yara waje, ya tura ƙyaure.

"Tashi tsaye. Ɗaga hannu."

"Me za ka yi?"

"Awo. Kin ce namiji ba zai sake auna ki da ido ba, to ni da igiya na zo."

Na ce, "Ni gona ce?"

Ya ce, "Ke ce gonar da ta rage mini. Tsaya cak, kina motsa turke."

Ya zagayo da igiyar ta inda na fi cika, ya ƙulla, ya yanke. Washegari ya hau keke zuwa Gwagwalada, ya dawo yana taƙama da wata ƙatuwa. Na sa. Ta gaba ta rufe ni, amma ɗamarar da ke zagaye haƙarƙari ta yi sako-sako, in na ɗaga hannu sai komai ya zube ta ƙasa. Ya zauna a bakin gado yana kallonta, ya riƙe haɓa.

Can ya ce, "Ni ne wawa. Masu awon nan ba su taɓa auna gefe ɗaya su tafi ba. Akwai tsawo, akwai faɗi. Ke ma wuri biyu ne, sama da ƙasa."

Ya sake yanko igiya, ya zagayo da ita ta ƙarƙashi, a kan haƙarƙari, ya ce in saki numfashi kada in kumbura. Ya ƙulla wannan da ƙulli biyu don ya bambanta ta da ta farko. Na ɗauka an gama. Sai ya ce saura zurfi, igiya ba ta faɗin zurfi. Ya fita ya kwaso duk ƙoƙunan da ke madafa, ya jera su a tabarma daga ƙarami zuwa babba, ya shiga kifa mini ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan na miya ne, bai kai ba. Wannan na kunu, saura kaɗan."

Na yi dariya har gyambon ya motsa, na ce Allah ya isa in yara suka leƙo. Wanda nake awon garin dawa da shi, shi ya zauna daidai, bai matse ba, bai bar fili ba. Ya ɗaga shi sama ya ce, "Daga yau an kore ka daga aikin gari."

A Gwagwalada bai samu ba. Ya shiga mota zuwa Suleja, da igiya biyu da ƙoƙo a jaka. Abin da ya faru can ba daga bakinsa na ji ba, wata 'yar ƙauyenmu da ta je sayen gishiri ce ta dawo da shi, kafin magariba kowa ya ji. Ta ce ta gan shi a tsugune gaban tulin gwanjo, dattijo da furfura a gemu, yana ɗaukar rigunan mama ɗaya-ɗaya. Sai ya miƙe ɗamarar a kan igiya, in ta yi, ya cusa ƙoƙo a ciki ya duba ta gefe. Mutane suka taru. Wani ya ce, "Baba, taka ce?" Wani ya ce a ba shi ya gwada a jikinsa a huta. Ta ce ko ɗago kai bai yi ba, sai cewa ya yi, "Ta wadda ke ciyar da ni ce. Matsa, kana tare mini haske."

Daga ranar aka sa masa suna mai ƙoƙo. Wansa ya zo yana huci, ya ce ya zubar da mutuncin gida, yanzu ko majalisa ba ya iya zama. Mijina ya ce, "Yaya, ai ƙoƙon nawa ne, ban ari na kowa ba."

Damina ce. Motar da ya shigo ta sauke shi a bakin titi, ruwa ya dake shi tun daga nan har gida. Rigar kuwa ya naɗe ta a leda ya cusa cikin tagguwarsa, ko ɗigo bai taɓa ta ba. Fara ce da ta ɗan sha wanki, mai faɗin ɗamara, ƙugiyoyi uku a baya. Da ya ɓalla mini ita, sai na ji bayana ya miƙe da kansa. Nauyin da nake ɗauke da shi tun haihuwar fari, wanda ban ma san ina ɗauke da shi ba, na ji an karɓe mini. Na yi tafiya daga gado zuwa ƙofa na dawo. Yana rawar sanyi yana murmushi.

Amma hannunta na dama yana nan a kan gyambon, da ƙarfensa.

Akwai wata tela a bakin hanyar Kwali, Kirista ce daga wajen Filato, ta zo da mijinta neman aiki. Can ya kai ni a bayan keke, duk da jikinsa da zafi. Ya zauna a waje a kan dutse, ta ja labule. Ta ɗauko tef ta auna ni ƙasa da sama, ta faɗi wata lamba da harafi, ban riƙe ba. Ta duba rigar ta ce, "Yaya, wa ya zaɓo miki wannan?"

Na ce, "Ga shi can a waje."

Ta leƙa ta dawo tana rufe baki. "Shi ne mai ƙoƙon? Wallahi ya kusa. Ɗamarar ce ta ɗan yi yawa, zan rage."

Ita ta gaya mini abin da mai gwanjo bai faɗa ba, cewa ɗamarar ƙasa ce ke ɗaukar nauyi, hannuwan tallafi ne kawai. In ɗamara ta kama haƙarƙari, kafaɗa ta huta. Ta ce kada ta matse har ta hana numfashi, kada kuma ta saki. Yatsa biyu su shiga ƙarƙashinta ta baya, uku kada su shiga.

Mijina ya ɗaga murya daga waje, "Ta ce yatsa nawa?"

Tela ta ce, "Biyu, Baba! Kunnenka na nan ashe."

Ta sa na nuna mata inda ƙwarya ke zama. Ta cire ƙarfen ta jefar, ta farke hannun daman, ta matsar da shi can bakin kafaɗa inda kaya ba ya taɓawa, ta rage masa tsawo saboda wannan kafaɗar ta fi sauka, ta naɗe shi da tsumma mai laushi. Ta ce ita ma uwarta da kaya ta tsufa, ta san ciwon.

Gyambona yana rufewa, shi kuma yana kwantawa. Zazzaɓin bai sauka ba, idanunsa suka yi rawaya, aka ce shawara ce. Mun yi na asibiti, mun yi na gida. Abinci ba ya zama. Wata kuma yana ta ƙanƙancewa, har aka zo ranar da maƙwabciyata ta ce in ban bayyana ba, Madam ta riga ta zaɓi wadda za ta ba wurin.

Da safen nan wan mijina ya tare ni a tsakar gida ya ga doya a ƙwarya. Ya ce matar kirki ba ta barin miji a wannan hali ta tafi talla. Matansa suna tsaye a bayansa suna gyaɗa kai. Na shiga ɗaki, na ɗan jima, na fito sanye da riga, na ɗora ƙwaryata a kafaɗa na wuce ta gabansu.

A ƙofar kwatas Madam tana tsaye. Ta sa yatsa inda ta saba sawa, ba ta ji komai ba, ta buɗe baki za ta yi magana. Na kama yatsan nata na kai shi bakin kafaɗa. Ta ji. Ta dubi ƙwaryar, ta dube ni, ta matsa gefe. Na shiga ban sauke kayana ba sai a gindin mangwaro. Matar da aka yi wa alkawarin wurin tana zaune a kai da kwandonta. Ta ga fuskata ta tashi ta ba ni wuri. Kafin azahar doyata ta ƙare.

A hanyar komawa gida, tun daga bakin rafi na ji kukan mutuwa. Da na iso sun riga sun yi masa wanka, sun sa shi a likkafani, ana shirin ɗauka. Fuskarsa ma da ƙyar suka bari na gani.

Abin da aka faɗa a kaina bayan nan ba zan sa 'yata ta rubuta duka ba. An ce rigar 'yan birni ce ta kashe shi, ni na tura shi cikin ruwa. An ce yana fitar da rai ina can ina ciniki. Matan wansa suka zo ranar da na shiga takaba suka ce in ba su rigar su ƙone, abin da ya jawo mutuwa ba ya kwana a gida. Na ce duk wadda ke son ta ta zo ta cire ta daga jikina. Babu wadda ta matso. Da ita na yi takabata, maƙwabciyata tana riƙe mini wurin, ina fita na koma. Da gindin mangwaron nan na aurar da mata huɗu, maza uku suka yi makaranta. Rigar ta tsufa, tela ta yi mata faci har babu inda za a sa allura, sannan ta kwaikwayi awonta ta ɗinka mini wasu. Ban taɓa ɗora ko tsinke a kaina ba.

Masu zagina babu ko ɗaya da yake cikin ɗakin da safen nan. Na shiga ne da niyyar in zauna. Na riga na kwance ɗankwalina, na ce masa wurin ya tafi, Allah zai ba mu wani. Ya girgiza kai a kan matashi, ya nuna ƙusar da rigar ke rataye. Na ce ba zan bar shi ba. Ya ci gaba da nunawa har na sauko da ita na sa. Ya yi mini alama in juya in durƙusa kusa da gado. Na ji yatsunsa biyu a bayana, da zafi kamar garwashi, suna shiga ƙarƙashin ɗamarar. Ya gwada na uku, bai shiga ba. Ya ɗan ja hannun daman ya tabbatar ba ya kan tabon. Na juyo ina hawaye, ya harare ni yadda yake hararar yara in sun tsaya wasa a gona.

Ya ce, "Daidai take. Ɗauki kayanki ki tafi, rana tana yi. In Madam ta tambaya, ki ce mijinki ne ya auna."